An bar jaki ana dukan taiki? Korar koci da abin da ya faru da Manchester United

Da zarar ƙungiya ta jera wasa huɗu ko biyar babu nasara, maganar da ke cika gidajen kallo da majalisun bakin titi ɗaya ce: a kori koci. In abin ya ƙara tsamari sai a ce har shugabannin su tattara nasu ya nasu. A numfashi ɗaya ake faɗin buƙatun nan biyu, amma ba abu ɗaya ba ne. Ta farko ana iya biyanta da safiyar Litinin, takarda guda da kuɗin sallama sun wadatar. Ta biyu takan ci shekaru, kuma sau da yawa waɗanda ake son a kora su ne masu wuƙa da nama. Babu ƙungiyar da ta gwada hanyoyin biyu a bainar jama'a, da maƙudan kuɗi, kamar Manchester United tun daga 2013. Shi ya sa ta fi dacewa a auna maganar a kanta.

Alex Ferguson ya yi ritaya a watan Mayun 2013 bayan shekara 26 da kofin Firimiya 13. Daga nan aka ɗauki David Moyes, aka ba shi kwantiragin shekara shida, bai cika wata goma sha ɗaya ba aka sallame shi. Louis van Gaal ya ɗauki Kofin FA a 2016, kwana biyu tsakani aka nuna masa ƙofa. Jose Mourinho ya kawo kofin Europa a 2017, ya yi na biyu da maki 81 a kakar da ta biyo, aka kore shi a Disamban 2018. Ole Gunnar Solskjaer ya kai Nuwamban 2021. Erik ten Hag ya kai Oktoban 2024. Ruben Amorim ya gama kakarsa ta farko a mataki na 15 da maki 42, mafi muni a tarihin ƙungiyar a gasar Firimiya, shi ma aka raba gari da shi a Janairun 2026. Mutum shida ke nan, ban da masu riƙon ƙwarya irin su Giggs da Carrick da Rangnick da Van Nistelrooy. A cikinsu akwai waɗanda suka ci kofin Zakarun Turai a wasu ƙungiyoyi, akwai ɗan gida, akwai matashin da manyan ƙungiyoyi ke zawarci. Yana da wuya a ce dukkansu ba su iya aiki ba. Kuma ko da an yarda da haka, tambayar da za ta biyo baya ta fi zafi: wane ne ke zaɓo su?

Abin da ke ruɗar mahukunta da magoya baya gaba ɗaya shi ne ɗan farfaɗowar da akan gani bayan an sauya koci. Solskjaer ya zo riƙon ƙwarya ya ci wasa 14 cikin 19 na farko, har da daren da aka fitar da PSG a birnin Faris. A ƙarshen Maris na 2019 aka ba shi kwantiragin shekara uku. Daga nan har kaka ta ƙare da ƙyar ya ƙara cin wasa biyu. Van Nistelrooy ya riƙe ƙungiyar wasa huɗu, ya ci uku ya yi canjaras ɗaya, Leicester ta yi wuf ta ɗauke shi, ta faɗi daga Firimiya a hannunsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba a korar koci sai a lokacin da ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa: ta haɗu da manyan ƙungiyoyi a jere, 'yan wasa uku na jinya, ƙwallon da ya kamata ya shiga ya bugi turke. Irin wannan yanayi ba ya ɗorewa ko an taɓa benci ko ba a taɓa ba. Kamar mura ce da ta kwana shida, duk maganin da aka sha a rana ta bakwai shi za a yaba. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi sakamakon gasar ƙasarsu daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan halin amma suka haƙura da nasu. Ya tarar duka biyun kan farfaɗo kusan daidai da juna.

Wannan ba ya nufin kora ba ta magani. Tana yi, kuma misalan ba su da nisa. Chelsea ta sallami Lampard a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya karɓi 'yan wasan nan dai, ya mayar da su masu tsaron baya uku, bayan wata huɗu ya ɗaga kofin Zakarun Turai. Aston Villa na dab da rukunin masu faɗuwa lokacin da ta kori Gerrard a Oktoban 2022. Unai Emery ya gama kakar a na bakwai, ta gaba a na huɗu. Mu a nan ba sai an tuna mana da Kodebuwa ba, wadda ta sallami kocinta ana tsakiyar gasar Kofin Afirka bayan Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu, Emerse Faé ya karɓa, ya zo ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne kayan aikin na nan lafiya lau, mai riƙe da su ne ya kasa. A ɗaya gefen kuma ga Watford da ta kori koci uku a kakar 2019-20 ta kuma faɗi, ga Leeds da ta bi ta hannun Marsch da Gracia da Allardyce a 2022-23 ta bi sahunta. Can 'yan wasan ne ba su kai ba, sauya mai tsayawa a bakin layi bai ƙara musu gudu ba.

To ta yaya ake gane wanne ne cikin biyun? Masu aikin da gaske ba teburi suke fara kallo ba. Suna fara duba albashi. Binciken masanin tattalin arziki Stefan Szymanski kan ƙungiyoyin Ingila ya nuna cewa in aka ɗauki shekaru masu yawa, abin da ƙungiya ke biyan 'yan wasanta shi ne ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na matsayinta a teburi. Saboda haka ƙungiyar da albashinta ke na 17 a gasa, tana kuma zaune a na 16, kocinta bai yi laifin komai ba, ko da kallon wasanta na sa ciwon kai. Amma wadda albashinta ke cikin huɗun farko ta gama a na 8 ko na 15, wannan akwai inda kuɗi ke zurarewa, ko a filin atisaye ko a ofishin saye.

Sai a duba yadda ake wasan, ba yadda ya tashi ba. Akwai ma'aunin da masu nazari ke kira xG, wanda ke ba kowane hari daraja gwargwadon yadda irinsa ke zama ƙwallo. Fenariti kan kai kusan 0.76, harbi daga yadi talatin ba ya wuce 0.03. In ƙungiya na samar da damarmaki fiye da abokan karawarta a wasa goma zuwa goma sha biyar amma maki ba ya zuwa, matsalar ta ƙafar 'yan gaba ce ko hannun gola ko rashin sa'a, kuma takan warware da kanta. In kuwa ana cin wasa amma kullum gola ne gwarzo, to ruwa na nan tafe. Wasa uku ba ya nuna komai. Kakar United ta 2023-24 ta ishi misali. An kai wa ragarta hari sama da 17 a kowane wasan Firimiya, adadin da ƙungiyoyi masu faɗuwa ne ke kaiwa. Duk mai kallo ya ga dalili: 'yan gaba sun hau sama suna matsa wa abokan hamayya, masu tsaron baya sun ja da baya don tsoron gudu, tsakiya ta zama fili fetal, an bar Casemiro da shekarunsa yana bin yara. Tazarar da ke tsakanin layin baya da na gaba aikin koci ne tsantsa. Haka tsaron kwana da bugun tazara, da sauyin da ake yi a minti na 60, da ko ɗan wasan da aka kawo bara ya ci gaba ko ya koma baya. Waɗannan ba a ɗora wa mai ƙungiya.

Adalci kuma shi ne a buɗe littafin jinya. A kakar nan Lisandro Martinez da Luke Shaw sun fi zama a ɗakin likita, har ta kai ranar da Crystal Palace ta ci 4-0 Casemiro da Jonny Evans mai shekara 36 ne a tsakiyar baya. Sai dai jinya ma kala biyu ce. Karaya da tsinkewar jijiyar gwiwa ƙaddara ce. Amma in tsokar cinya ce ke ta tsinkewa ga mutum biyar ko shida, a binciki nauyin atisaye da sashen lafiya, domin wani ne ke tsara su.

Na ƙarshe shi ne wanda ba ya fitowa a alƙaluma, wato ko 'yan wasa na jin maganar kocin har yanzu. Alamarsa a fili ita ce abin da ke biyo bayan ƙwallon farko da aka zura musu: su tashi, ko su saki jiki a ƙara biyu cikin minti goma. Alamarsa a waje kuwa ita ce sirrin ɗakin sauya kaya ya fara fita jaridu ta bakin wakilan 'yan wasa. In an kai nan babu gyara, don ba a iya korar mutum 25 masu kwantiragi a tsakiyar kaka. Abin da ya ci Ranieri ke nan a Leicester wata tara bayan ya ɗauki Firimiya. Ba daɗi, amma mataimakinsa ya ci wasa biyar a jere a gasar, ƙungiyar ta tsira.

Da an bi wannan awo a bazarar 2024, hukuncin Ten Hag ba mai wahala ba ne. Na takwas, an ci su fiye da yadda suka ci, tsarin bai gyaru ba tsawon kaka. Amma ya doke Manchester City 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin FA, sai wasa ɗaya ya rufe idon mutane daga wasa 38. Sabbin shugabannin da suka karɓi harkar ƙwallon ƙungiyar a 2024 suka tattauna da wasu masu horarwa, duniya ta sani, shi ma ya sani, sannan suka dawo suka ce ya zauna, suka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026, suka kashe kusan fam miliyan 200 kan Yoro da Zirkzee da De Ligt da Mazraoui da Ugarte. Bayan wasa tara na Firimiya a sabuwar kaka suka kore shi. Wannan ita ce hanya mafi tsada: ba a kore shi a lokacin da korar ke da araha ba, ba a kuma tsaya masa ba. Sallamarsa da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4, ɗauko Amorim da nasa daga Sporting ta ci kusan miliyan 11. Shi Amorim da bakinsa ya ce ya nemi a bari sai ƙarshen kaka, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Sai ga mutumin da bai san wani tsari ba sai masu tsaron baya uku da 'yan gefe biyu masu hawa da sauka, an miƙa masa ƙungiyar da aka gama saya wa kaya don masu tsaron baya huɗu, a watan Nuwamba, ana buga wasa duk bayan kwana uku, babu ko mako biyu na atisaye a jere. Lokacin sauya koci mai sabon tsari shi ne ƙarshen Mayu, ya samu mako shida na share fage da kasuwar musayar 'yan wasa. In dole ce ta sa a yi a tsakiyar kaka, a nemo wanda zai iya aiki da abin da ya tarar.

Kuɗin sallama ma shi ne ƙaramin asara, ko da yake na Mourinho da jama'arsa ya kai fam miliyan 19.6. Babbar asarar ita ce tarkacen da kowane koci ke bari. Van Gaal ya sayi masu riƙe ƙwallo a ƙafa. Mourinho ya zo yana son ƙarti masu tsawo da ƙarfi. Solskjaer ya nemi masu gudu don kai farmakin ramuwa. Rangnick ya so a matsa tun daga gaba da 'yan wasan da ba a saya don haka ba, ga Ronaldo mai shekara 36 a gaba, har ya fito fili ya ce ƙungiyar tiyatar zuciya take buƙata, ba kwaskwarima ba. Ten Hag ya jawo yaransa na Ajax ɗaya bayan ɗaya: Martinez, Antony, Onana, De Ligt, Mazraoui. Kwantiragin ɗan wasa shekara huɗu ne ko biyar, koci kuwa shekara biyu yake yi. Duk sabon da ya zo sai ya tarar da zaɓin mutum uku da suka gabace shi, kowanne da albashin da babu ƙungiyar da za ta iya biya.

A nan lissafin akanta ke shigowa, kuma shi ne abin da mai kallo bai cika gani ba. Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi gaba ɗaya a shekara guda, rabawa ake yi kan tsawon kwantiraginsa. An sayi Antony kan sama da fam miliyan 80 na shekara biyar, wato kusan miliyan 16 kowace shekara. Bayan shekara uku saura sama da miliyan 30 a littafi. In aka sayar da shi ƙasa da haka, kamar yadda aka yi wa Real Betis a 2025 kan ƙasa da miliyan 25, bambancin asara ce da za a rubuta nan take. Dokar Firimiya ta wancan lokacin kuwa ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma Everton da Nottingham Forest sun ɗanɗana cire maki a kanta. Shi ya sa aka yi ta tura irin su Sancho aro ana biyan wani kaso na albashinsu. Shi ya sa kuma ake sayar da 'yan makarantar ƙungiya, don su ba a saye su ba, duk abin da aka samu riba ce zalla. Haka Scott McTominay ya tafi Napoli kan kusan fam miliyan 25, ya ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar. An sayar da mai amfani don a cike ramin da marar amfani ya haƙa.

Wannan ya kai mu ga rabi na biyu na ihun magoya baya. Kalmar shugabanni tana rufe hawa uku. Akwai mai ƙungiya, akwai shugaban gudanarwa da hukumarsa, akwai kuma daraktan ƙwallo da masu farauto 'yan wasa da masu nazari da likitoci. A bazarar da Ferguson ya tafi, David Gill, shugaban gudanarwar da suka daɗe suna aiki tare, shi ma ya tafi, manyan mataimakan Ferguson a filin atisaye suka bi bayansu. Kujerar Gill ta koma hannun Ed Woodward, tsohon ma'aikacin banki wanda ya taimaka wa iyalan Glazer sayen ƙungiyar da bashi a 2005. Gwani ne wajen kawo kuɗin talla, wannan ba a musa ba. Amma a kasuwarsa ta farko aka sayi Fellaini kan fam miliyan 27.5 a ranar ƙarshe, alhali makonni kaɗan kafin nan akwai damar ɗaukarsa kan miliyan 23.5. Sai a Maris na 2021 ƙungiyar ta naɗa daraktan ƙwallo na farko a tarihinta. Shekara takwas babu wanda aikinsa shi ne ya ce ga irin ƙwallon da gidan nan ke bugawa, ko wane ne koci. Duba maƙwabta: City ta kawo daraktan ƙwallo Txiki Begiristain da shugaban gudanarwa Ferran Soriano a 2012, suka share shekara huɗu suna shirya gida kafin Guardiola ya iso a 2016. Brighton, da ba ta kai su kuɗi ko kusa ba, Chelsea ta ɗauke mata Graham Potter a Satumban 2022, cikin kwana goma Brighton ta kawo De Zerbi, ta gama a na shida, shi Potter bai ga ƙarshen kakar a Chelsea ba. Ƙungiyar da ke da tsari a sama, tafiyar koci ba ta girgiza ta. Liverpool ta rabu da Klopp a 2024, Slot ya ɗauki Firimiya a 2025 da kusan 'yan wasan da ya gada.

Da an tsaya a nan sai a ce ai magani ya fito, a share ofis. To United ta gwada wannan ma. A Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 cikin 100, aka damƙa masa harkar ƙwallo. Aka kawo Omar Berrada daga City, aka kawo Jason Wilcox, aka jira sabon daraktan ƙwallo Dan Ashworth watanni kafin Newcastle ta sake shi. Ashworth ya yi wata biyar aka sallame shi, ɗauka da sallamar suka ci fam miliyan 4.1, a daidai lokacin da ake rage ƙananan ma'aikata 250 da sunan tsimi. Sabbin shugabannin nan su ne suka riƙe Ten Hag, su suka kore shi, su suka kawo Amorim, a hannunsu aka yi na 15, a hannunsu Tottenham ta ci wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Tsugune ba ta ƙare ba. Kuskurensu na jeri ne. An yanke hukuncin koci kafin daraktan ƙwallo ya zauna a kujerarsa, sannan aka tara manya da yawa ba tare da an fayyace wa ke da maganar ƙarshe ba. Kuma ko da sun yi komai daidai, sauyin ofis ba ya nuna kansa a wata shida. A kasuwa ɗaya mutum huɗu ko biyar ake iya sauyawa, ke nan sai an ga kasuwar bazara uku kafin a ce ƙungiya ta zama ta sabbin hannu.

Hawan sama kuwa, wato mai ƙungiya, ba ya koruwa. Magoya baya sun kutsa Old Trafford a Mayun 2021 har aka ɗage wasa da Liverpool, iyalan Glazer na nan da rinjayen hannun jari, bashin sayen ƙungiyar na nan kusan fam miliyan 500, ana biyan ruwansa daga kuɗin da ya kamata ya gyara rufin filin da ke yoyo. Mai ƙungiya sai dai ya sayar don kansa, in farashi ya yi masa.

Masu cewa a yi haƙuri kullum Ferguson suke kawowa, cewa sai da ya kusa shekara bakwai kafin kofin lig na farko, kuma a kakar 1989-90 a na 13 ya gama, Kofin FA ne ya rufa masa asiri. Gaskiya ne, amma hukumar ba don tausayi ta haƙura ba. Tana ganin abin da 'yan kallo ba sa gani: ya yi na biyu a 1988, ya sake gina sashen farautar yara a ciki da wajen Manchester, ya sallami manyan 'yan wasan da shan giya ya zame musu al'ada. Haka Arsenal da Arteta, wanda ya yi na takwas sau biyu, yana na 15 a lokacin Kirsimetin 2020, ya kuma buɗe kaka ta gaba da rashin nasara uku a jere. Hukumar ta biya kuɗi ta raba gari da Özil da Aubameyang don ta tsaya masa, ana kuma ganin matsakaicin shekarun ƙungiyar na raguwa, yara irin su Saka na girma. Haƙurin da ba shi da abin nunawa a ƙarƙashi ɓata lokaci ne, kuma lokaci kuɗi yake ci: kowane mataki a teburin Firimiya ya kai fam miliyan 2 zuwa 3, rashin zuwa gasar Zakarun Turai kuwa har kuɗin da Adidas ke biyan United yake zaftarewa da miliyan 10.

Ƙungiyar da ta yanke shawarar sauyi, jerin aikin a bayyane yake. A fara da daraktan ƙwallo, a ba shi maganar ƙarshe kan saye da sayarwa, koci na da damar ya ce ba ya so amma ba shi ke kawo suna shi kaɗai ba. A rubuta irin wasan da za a buga. A ajiye sunayen koci uku masu irin wannan salon tun kafin a buƙace su, kada a kori na yanzu sai an san wa zai shigo da kuma ranar. Kwantiragi ya zama shekara biyu da zaɓin ƙarin ɗaya, da sharaɗin rage kuɗin sallama in ba a kai wani mataki ba. Irin wannan sharaɗin ne ya sa Moyes mai shekara shida a takarda bai tashi da abin da ya wuce kusan fam miliyan 5 ba. Likitoci da masu nazari da kocin gola su zama ma'aikatan ƙungiya, ba 'yan rakiyar koci ba, don kada kowace kora ta kwashe ilimin gidan gaba ɗaya.

A gasar Najeriya maganar ta ɗan sha bamban, don yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne. Can matsalar mai ƙungiya ba ya tafiya, nan kuwa shugabanni sun fi koci saurin sauyawa, gwamnati na canzawa ake rushe hukuma a naɗa sabuwa, wani lokaci ma ba sai ta canza ba. Kano Pillars ta ɗauki lig a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka a 2009, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019, sannan ta faɗi a 2022 a kakar da aka cire mata maki saboda tarzoma, aka kuma raba ta da filin Ƙofar Mata. Ba koci ne ya jefi motar baƙi ba. Al'adar da ta zama ruwan dare a gasar ita ce a ba koci wa'adin wasa uku, ya gyara ko ya tafi, alhali kuɗin sa hannu na 'yan wasa bai fito ba, alawus ɗin wasa ya taru, ƙungiya ta kwana biyu a mota ta sauka ana gobe wasa, an kuma yi rajistar 'yan wasa ashirin sababbi da ba shi ya zaɓo rabinsu ba. Kafin a zauna kan batun koci, a fito da takardar albashi a ga wata nawa ake bin bashi, a kuma ga wa ya kawo kowane suna a rajista. Remo Stars ta garin Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, da filinta da makarantar yaranta, ta yi na biyu a 2023, ta sake yin na biyu a 2024, ba ta taɓa kocinta Daniel Ogunmodede ba, ta ɗauki kofin a 2025.